Kakin Zuma a Aljihun Tanti

Kwana arba'in da ɗaya Tela ya yi yana ɗinkin tantin nan, alhali da idonsa na nan kamar dā, sati guda ma ya yi yawa. Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti. Keken ɗinki biyu ne a ciki, na tufafi da na tamfol, wanda in ya taka shi sai mai agogo ya buga bango ya ce a rage, ƙananan kusoshinsa na rawa a kan tebur. Jikin bango kuwa jakunkunan mutane ne reras a rataye, kowacce tana jiran a sa mata sabon zif. Shekara arba'in aikinsa ke nan, rufe abin da ya ƙi rufuwa. Ko a gida haka yake. In ya ga jakar mai ɗakinsa baki buɗe a kan kujera, shayi ba zai shawu ba sai ya tashi ya ja mata zif.

To, shekara biyu ke nan da ido ya fara yi masa gardama. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya ba shi maganin ɗigawa safe da yamma, ya kuma gaya masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye: abin da ya tafi ba ya dawowa, magani dai zai rage wa sauran gudu. Duniya ta riƙa tsuke masa kamar mai leƙe ta kafar makulli. Zare da allura da suka saba haɗuwa a hannunsa ba tare da ya kalle su ba, yanzu sai ya lashi bakin zare sau goma kafin a dace. Shi da kansa ya san babban ɗinki ɗaya ya rage masa, in ma ya rage.

Ana cikin haka aiki ya kira Auta tsauni. Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, ma'aikaciyar ruwa ce. Aikinta bin idanun ruwa a kan duwatsu, ta auna abin da suke zubarwa, ta rubuta a littafi. Shekara shida tana wannan hawa da sauka, amma bana aka ce wata uku za ta yi a sama, ba saukowa sai ɗaukar abinci. Wurin aikinsu suka ba ta tanti, ta biyo da shi ta shago. Tela ya bi ɗinkin da yatsa daga farko har ƙarshe, ya taɓe baki.

"Wannan ba a ɗinka shi ba, Auta. An dai nuna masa zare daga nesa."

"Baba, kowa a irinsa yake kwana."

"Kowa ba 'yar tela ba ne. Mayar musu da abinsu."

Haka aka yi. Ya zaɓi yadi mai hana ruwa, ruwan toka kamar jikin dutse, ya yanka da hannu yana lalube, ya ninka kowane ɗinki biyu. Inda ido ya gaza, yatsa ya karɓa. Ranar ƙarshe kuma ya yi wani abu da bai gaya wa kowa ba. Daga ciki, ta wajen da kai zai kwanta, ya ɗinka ɗan aljihu mai nasa ƙaramin zif, launinsa ɗaya da bangon tantin, in ba ka sani ba ba za ka gan shi ba. Ya zuba allura uku a ciki, da ƙullin zare mai kauri, da wani dunƙulen kakin zuma kamar ƙwan zabo. Kakin nan ya daɗe a shagon. Da shi yake murza zare ya yi ƙarfi, da shi yake goga wa zif ya riƙa tafiya sulɓi. Kafin ya sa shi a aljihun sai da ya goga wa babban zif ɗin ƙofa, sama da ƙasa, sau uku. Nufinsa wata rana, in wani abu ya yage mata a can inda babu tela, ta laluba ta tarar babanta ya riga ta tunani.

Da ya ce zai bi ta ya ga an kafa tantin a kan tsauni da idonsa, mai ɗakinsa ta ce sam. Da ta ga maganar ba za ta mutu ba, sai ta aika aka kira ƙanenta Direba, wanda ya yi shekara talatin yana jan babbar mota har ciwon baya ya ajiye shi, amma bakinsa bai taɓa ajiye aiki ba.

"Ka riƙe min shi," in ji ta. "Kada ka bari ya tsaya gyara wa duwatsu zif."

"Yaya, kwantar da hankalinki. Na ɗauki shanu, na ɗauki gilashi, tsohon tela ɗaya ba zai gagare ni ba."

Mota ta kai su inda hanya ta ƙare, suka ɗauki kaya suka fara hawa. A nan ne Tela ya fara ganin wata Auta da bai sani ba. A gida yarinya ce mai barin kofi a ko'ina. A kan dutse kuwa ƙafarta ba ta taka wurin banza. Tana gaba da jaka mafi nauyi, tana cewa, "Baba, hagu, wancan dutsen yana motsi," kafin ma ya kai wurin. Ba ta kama hannunsa ba ko sau ɗaya, don ta san ba zai so ba, amma duk inda gefen hanya ya yi rami sai ya tarar ita ce a wajen ramin, kamar dai haka tafiyar ta zo. Duk wannan yana lura da shi.

Da la'asar suka kai wani fili tsakanin manyan duwatsu biyu, ga bishiyoyi kaɗan, ga ɗan rafi can ƙasa. Aka kafa tantin. Tela ya zagaya shi sau biyu, yana ɗana kowace igiya kamar mai gwada tsirkiya. Kafin rana ta faɗi aka yi yayyafi mai iska, su uku suka zauna a ciki, ko ɗigo bai shigo ba. Auta ta shafa rufin ta ce, "Baba, wannan ai gida ne." Tela ya yi kamar bai ji ba, ya shiga neman maganin idonsa a aljihun da ya san ba ya ciki.

Da gari ya waye za su hau zuwa idon ruwa na sama, tafiyar da ba a yin ta da kaya. Komai a nan za a bar shi har yamma, ba mai tsaro. Auta ta shimfiɗa wani buhu mai kauri ta ce kowa ya kawo duk abin da ke da ƙamshi.

"Abinci ke nan," in ji Direba.

"Ba abinci kaɗai ba, Kawu. Sabulu, man goge baki, man shafawa, sukari, har takardar da aka naɗe burodi. Da man zafin nan da kake shafa wa bayanka."

"Wace dabba ce za ta ci man zafi?"

"Ba za ta ci ba. Sai ta yaga jakarka ta gano ba a ci, sannan ta bar maka."

Ta ƙulle bakin buhun, ta tafi da shi nesa da tantin, taku saba'in ta wajen da iska ke tafiya. Ta ɗaura dutse a bakin igiya, ta jefa ta kan wani dogon reshe siriri, ta ja buhun ya tashi sama har ya fi ƙarfin hannun mai tsalle, ya kuma yi nisa da jikin bishiyar. A jikin igiyar, sama da buhun, ta riga ta zura wani faifan ƙarfe mai santsi, ta ce ko ɓera ya biyo igiya a nan zai zame. Ta wanke tukunya da cokula da toka, ta kife su can wani wuri daban. Tela yana tsaye yana kallon ƙullin da ta yi. Ƙulli ne mai kyau, bai san shi ba, kuma shi mutum ne da yake tsammanin ya gama sanin ƙulli.

Sai kuma ta yi abin da ya tsaya masa a wuya. Ta bi jakunkunansu ɗaya bayan ɗaya tana zuge kowane zif, manya da ƙanana, ta bar su baki buɗe. Ta je ta zuge ƙofar tantin har sama, ta naɗe ta gefe ta ɗaure.

"Auta, me ke nan?"

"Haka ake barin kaya a nan, Baba."

"A buɗe? A daji?"

"Masu wurin za su zo dubawa, ko mun so ko mun ƙi. Ɓera in ya tarar da aljihu a rufe, huda shi yake yi ya ga abin da ke ciki. Biri in ya tarar da ƙofa a rufe, yakan yi wa kansa wata. In kuwa a buɗe take, ya shiga, ya shinshina, ya ga ba komai, ya kama gabansa."

Direba ya bushe da dariya. "Ka ji, Mai Almakashi. Shekara arba'in kana cutar mutane da zif, ashe ba shi da amfani."

"Kai da ka yi shekara talatin kana danna hon a kunnen bayin Allah."

Auta ta dube su ta ce, "Tambayar ƙarshe. Akwai sauran wani abu mai ƙamshi a jikin wani, ko a cikin tanti?"

Tela ya ce babu, kuma tsakani da Allah ba ƙarya ya yi niyya ba. A wurinsa kakin zuma kayan aiki ne, ɗan'uwan almakashi da alli. Bai taɓa shiga ransa cewa wani zai kira shi abinci ba.

Sun yi ɗan nisa ya tsaya ya dafa kai, ya ce ya manta hularsa. Ya koma shi kaɗai. Hular tana nan kuwa, don da gangan ya bar ta. Ya tsaya gaban tantin, aikin kwana arba'in da ɗaya, baki hangame kamar shagon da ɓarayi suka fasa. Zuciyarsa ta ce yarinyar nan ta san dutse, amma shi ya san yadi: ƙura za ta shiga, rana za ta ci cikin. Ya kwance ɗaurin, ya ja zif ɗin daga sama har ƙasa. Ya tafi sumul, ko ƙara bai yi ba. Ya ɗora hularsa ya bi su.

Hawan ya yi tsauri, suna yi suna hutawa. Wajen hantsi, suna zaune a kan wani falalen dutse, wani ƙudan zuma ya zo ya dami hannun Tela. Ya kore shi, ya dawo. Ya sake kora, ya sake dawowa kan yatsun nan dai.

"Ikon Allah," in ji Direba. "Da tsufanka ƙudan zuma ya ɗauke ka fure."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta bi ƙudan da kallo, ta kamo hannun uban ta kai hancinta.

"Baba, ka taɓa kakin zuma yau?"

"Zif ɗin ƙofa ne kawai. Na goga masa tun a shago."

"Yaushe ka taɓa zif ɗin ƙofa? Ni na buɗe shi."

Tela ya sunkuyar da kai. Direba ya buɗe baki zai yi magana, ya ga fuskar mijin yayarsa, ya mayar ya rufe.

"Na rufe shi," in ji Tela. "Kuma akwai sauran kakin a ciki. Dunƙule guda, a wani aljihu da na yi miki ta wajen kai. So na yi ki gano shi da kanki."

Ya jira faɗa. Ya san da uwarta ce, da duwatsun nan sun ji labari. Auta dai ta saki hannunsa a hankali, ta ciro madubin hangen nesa daga wuyanta, ta matsa bakin falalen ta duba ƙasa. Ta daɗe tana dubawa.

"Birai sun sauko rafi," in ji ta. "Sun kai ashirin. In sun gama shan ruwa, ta filinmu za su bi."

Tela ya miƙe zumbur har gwiwarsa ta yi ƙara. "Mu ruga mu kore su."

"A'a. Ku saurare ni, ku duka biyun." Ta rataya wa Direba madubin. "Ni zan bi ta kwazazzabon nan, ya fi kusa, amma ba na ƙafarku ba ne. Ku ku bi hanyar da muka hawo, ku tsaya a kan dutsen nan mai kama da tebur, wanda ke saman filin. Daga nan kada ku ƙara taku ɗaya. Kada wanda ya yi ihu, kada wanda ya yi jifa. Kawu, usur ɗin nan da ke wuyanka, ka manta kana da shi."

"Ko suna yaga tantin?" in ji Tela.

"Ko suna yaga shi, Baba. Musamman ma in wani ya shiga ciki. Birin da ya firgita a cikin tanti ba ya neman ƙofa."

Ta juya ta bi kwazazzabon. Tela bai ga saukarta sosai ba, sai dai wani ɗigon ja, ɗankwalinta, yana ɓacewa yana ɓullowa tsakanin duwatsu, kowane lokaci can ƙasa da inda ya zata.

Kafin su kai dutsen mai kama da tebur, birai sun riga sun cika filin. Daga nan ana jin gurnaninsu. Tela ya karɓi madubin ya kafa a ido, bai ga komai ba sai toka-toka da kore-kore suna motsi. Ya mayar wa Direba.

"Gaya min. Kada ka rage, kada ka ƙara."

"Ni da ƙari? To, ga wani ƙato can a kan dutse ya harɗe, wannan shi ne shugaban tasha. Sauran 'yan lodi suna bin jakunkuna. Wani ya zura kai a jakata. Ya fito. Ya yi atishawa, ka ji rashin kunya. Ya bar ta. Wallahi duk wanda ya leƙa sai ya wuce, kamar fasinjan da ya tarar mota ta cika. Biyu suna ƙarƙashin buhun abinci suna kallon sama, sun rasa ta inda za su hau."

"Tantin, Direba."

"Tantin dai sun zagaye shi. Wata uwa mai ɗa tana shinshina ta wajen kai. Tana dafa bangon. Ta ja yadin da hannu."

Tela ya damƙi gefen dutsen. Ya san wurin, ya san ɗinki nawa ne a wurin.

"Ta saki. Ta zagayo ƙofa, tana bin zif ɗin da hanci, tana lasa. Ta kama kan zif ɗin, ta sa a baki, ta ja." Direba ya sassauta murya ya ce, "Mai Almakashi, ka san me? Ya buɗe. Ja ɗaya ta yi ya tafi sama kamar an kira shi. Ita kanta ta tsorata, ta ja da baya tana kallon hannunta."

Tsoro da alfahari suka haɗu wa Tela, bai san wanne ya fi yawa ba.

"Auta fa?"

"Ga ta can ta ɓullo. Ba ta bi ta ƙofar tanti ba, ta zagaya ta baya, can nesa, a fili inda kowa zai gan ta. Shugaban tasha ya gan ta, ya miƙe. Ita kuma ta zauna."

"Ta zauna?"

"Ta zauna a kan dutse ta ba su gefe, ta ciro littafinta tana rubutu. Kai ka ce a ofis take. Tsaya. Wani matashin biri ya faɗa cikin tantin."

Daga inda suke ma Tela ya ga wannan: rufin tantin ya girgiza, bango ɗaya ya kumburo ya lotsa, ya sake kumburowa. Igiya ɗaya ta yi ƙara. Hannun Direba ya tafi wuyansa da kansa, hannun da ya saba da hon, ya kai usur ɗin baki. Tela ma numfashinsa ya riga ya taru a maƙogwaro, ihu ɗaya zai yi filin ya watse. Aikinsa na ƙarshe ne ake ja a can ƙasa, ga shi yana da murya, yana da duwatsun jifa a gefen ƙafarsa. Amma ya tuna da safe ma haka zuciyarsa ta ce masa ya fi yarinyar nan sani. Ya miƙa hannu ya rufe usur ɗin a tafinsa, ya riƙe gam.

"Ta ce kada a yi."

"Zai yaga maka shi, Tela."

"Ta ce kada a yi. Ci gaba da gaya min."

Direba ya sauke numfashi ya mayar da madubin ido. Ya ce Auta ta tashi a hankali, ta yi taku biyar, ta sake zama. Ba ta kallon kowa a ido. Can ta ƙara biyar. Duk matsowar da ta yi, biran da ke kusa sai su ja baya kaɗan, ba gudu ba, kamar dai mutanen da suka tuna suna da wani wurin zuwa. Ta baya take matsowa, hanyar ƙofa da hanyar rafi duk ta bar musu a sake. Aka jima ana haka, har rana ta fara cin ƙeyar Tela. Sai ƙaton ya yi hamma, ya sauko daga dutsensa, ya juya baya ya nufi bishiyoyi yana tafiyar ƙasaita. Uwar ta yi wani ɗan kira. Tantin ya daina motsi. Matashin birin ya leƙo ta ƙofa, kumatu cike, ya fito ta inda ya shiga, ya bi sahun 'yan'uwansa.

"Sun tashi," in ji Direba. "Mota ta bar tasha. Sakar min hannu, ka kusa karya min yatsa."

Da suka sauko, Auta tana durƙushe a cikin tantin. Tela bai tambaye ta ba, ya shiga da gwiwa ya laluba da kansa. Rufi lafiya. Ƙofa lafiya, zif ɗin sai yawun biri. Bango uku lafiya. Ta wajen kai kuwa aljihun ya tafi, birin ya fizge shi don ƙaramin zif ɗinsa a rufe yake, ya bar yaga a jikin bangon, tsawon taƙi ɗaya. Ya bi bakin yagar da yatsa sau biyu.

"Ɗinkin bai saki ba," in ji shi. "Yadin ne ya ba da kai."

"Na gani, Baba."

"Da na bar ƙofar yadda kika bar ta, da na kawo kakin nan buhu..."

"Da haka ne, da ban san akwai aljihun ba sai wata rana." Ta buɗe tafin hannunta. Ta tsinto allura biyu a cikin ciyawa, da ƙullin zaren, an tauna gefensa. "Kuma ban taɓa ganin zif ɗin da biri ya buɗe da ja ɗaya ba. Na ofis da sai ya ci, ta yi fushi ta yaga ƙofar gida biyu."

"Wannan ai talla ce," in ji Direba daga waje. "A rubuta a ƙofar shago: har birai sun shaida."

Tela ya yanko ƙyalle daga jakar da ake naɗe tantin a ciki, don yadinsu ɗaya. Ya ɗauki allura, ya lashi zare, ya ɗaga su wajen haske. Ya gwada sau uku, sau huɗu. Kafar allurar ba ta nan, sai hazo. Da a shago ne zai yi ta yi har a dace, ba zai bari kowa ya gani ba. Yau ya miƙa wa Auta.

Ta zura zaren, ta miƙo masa. Ya girgiza kai.

"Ke za ki yi. Wata uku za ki yi a nan, ba ni ba. Ninka bakin ƙyallen ciki, kamar faɗin farce. Soka daga ƙasa. A'a, kin yi nisa, dawo rabin taku. Kowane ɗinki ya taka wutsiyar na gabansa, ruwa ba ya samun hanya."

Ta yi, yana bin bayanta da yatsa. Na farko ya sa ta warware. Na biyu ma haka. A na uku ya bi layin har ƙarshe, ya dawo, bai sa ta warware ba.

Ta dafa ruwa ta wanke zif ɗin ƙofa da toka, haƙori bayan haƙori, har ƙamshin zuma ya fita. Da ya bushe ta ja shi, ya ɗan cije a tsakiya.

"To, yanzu me zan goga masa, tunda kaki ya haramta?"

Tela ya yi ɗan tunani. "Fensir ɗin da kike rubutu da shi. Goga bakinsa a kan haƙoran. Bai kai kaki ba, amma yana yi. Shi ma akwai mai cinsa a nan?"

"Ban taɓa gani ba."

"In kin gani ki rubuta a littafinki, ki kawo min labari."

Washegari da safe suka sake shirin hawa, don idon ruwa na sama yana nan yana jiran awo. Auta ta ɗaga buhun ƙamshi sama, ta kife tukunya, ta fara bin jakunkuna. Da ta juyo wajen tantin ta tarar uban ya riga ta. Ya zuge ƙofar har sama, ya naɗe ta gefe, yana ta fama da ɗauri.

"Zo ki nuna min ƙullin nan naki na jiya," in ji shi. "A hankali, yadda yatsa zai gani."